Sarewar da Ta Sha Man Shanu

Idan ana maganar cika baki a unguwar Madinat Nasr, a fara da Ukasha, sannan a nemi na biyu in akwai shi. Ni Abakar nake faɗa, kuma ina da hurumin faɗa, domin gida ɗaya muke haya a hawa na biyar, firji ɗaya muke buɗewa, kuma kunnena ne ya sha wahalar da za ku ji yanzu.

Ɗan Funtuwa ne, karatu ya kawo shi Alƙahira kamar sauranmu. Sai dai abin da bai fara ba a garin nan kaɗan ne. Ya fara sayar da turare, turaren ya ƙare a jikinsa. Ya fara koyon Turkanci, ya tsaya a gaisuwa. Ya fara kiwon zomo a baranda da niyyar ciyar da Misra gaba ɗaya, muka cinye zomayen kafin su haihu. Ƙarfen da ya sayo don ya zama ƙato kuwa, da shi muke tokare ƙofar banɗaki har gobe. Duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya ce, "Ai na gane sirrin abin, shi ya sa na bari."

Abu ɗaya ne bai bari ba, shi ne son Tagwa. 'Yar Ammu Hatim ce, wani tela Bahaushen Sudan mai shago a unguwar Faisal, wanda kakanninsa suka bar Haɗeja da ƙafa za su Makka, hanya ta zaunar da su a Sudan, shi kuma zamani ya turo shi Misra. Yarinya ce mai natsuwa, tana koyon kiɗa wurin wata malama 'yar Misra, kuma abin kiɗanta shi ne babban gogen nan na Turawa da ake tsayarwa a ƙasa a riƙe da gwiwoyi. Ukasha yana sonta so na gaskiya, wannan kam ban taɓa shakka ba. Ita ma tana sonsa, ko da yake har yau ban gano dalili ba.

Ranar da ya je gaida uban, ni na raka shi. Ammu Hatim na bakin keken ɗinki, tabarau a kan hanci, Ukasha ya durƙusa ya shiga zayyana manyan shirye-shiryensa na rayuwa. Tsohon bai fasa ɗinki ba har sai da yawun bakin baƙonsa ya ƙafe.

"Na ji, ya waladi, ɗana," in ji shi. "An ce ka yi turare. Ina shagon?"

"Baba, ai na gane sirrin..."

"Zomaye fa?"

"Sun yi daɗi," na ce, don a rage masa nauyin amsa.

Ammu Hatim ya cire tabarau. "Ni tela ne. Riga mai hannu ɗaya ba riga ba ce, ko da zaren zinariya aka ɗinka ta. Shi kuma aure ba a barinsa a gaisuwa kamar Turkanci. Ka nuna mini abu ɗaya da ka fara ka kai shi ƙarshe a gaban idona. Ɗaya tak, ko wankin tukunya ne. Ranar nan ka turo manyanka. Kafin nan, khalas, magana ta ƙare, sha shayinka."

Da mai hankali ne, da a take ya nemi tukunya ya wanke. Ukasha ya ce mini a hanya wankin tukunya ba ajinsa ba ne, shi abin da zai gama sai an yi labarinsa.

Ba a jima ba abin nema ya samu. Malamar Tagwa, Duktura Dalia, tana da 'yar ƙungiya da ke yin kiɗan da suke kira Barok, wato kiɗan Turawan da, na wajen shekara ɗari uku baya, wanda mutum uku ko huɗu ke zama su yi a cikin ɗaki, ba ganga ba rawa, sai sauraro. Sun sa ranar wasa a wani ɗan ɗakin taro a unguwar Hadayek el-Maadi, sai mai busa musu sarewa ya samu aiki a Saudiyya ya yi gaba. Tagwa ta faɗi haka cikin damuwa, a gabana.

"Sarewa?" in ji Ukasha, ya gyara zama. "Ai mu a gidanmu da ita ake yaye yaro. Kakana in ya busa, shanun wani gari ke tsinke igiya su zo."

Gaskiyar magana, ya taɓa busa sarewar roba a firamare, kuma ba laifi, yatsunsa ba su manta gaba ɗaya ba. Duktura Dalia ta ara masa wata ta roba ta saurare shi, ta runtse ido kamar mai haɗiyar magani, ta ce tunda babu wani, za a ba shi waƙa ɗaya gajeriya ta wani Bajamushe, ya haddace. Ita za ta ja ƙaramin goge, Tagwa ta ja babba, shi ya busa. Sannan ta faɗi maganar da ta jawo mana masifa.

"Ya Ustaz Ukasha, mu burinmu mu yi kiɗan nan a kan asalinsa, yadda masu shi suka ji shi a zamaninsu."

Ita nufinta a sassauta busa, a san inda ake jan numfashi, a yi wa sauti 'yan kwalliya irin na lokacin. Shi kuwa kalmar asali ce kawai ta shiga kansa ta yi ɗaki ta zauna.

Ranar Juma'a ya tafi kasuwar gwanjo ya dawo da sarewar katako, irin wadda Turawa ke kira rikoda, tsohuwa, mai gaɓa uku da ake haɗawa: kai, ciki da ƙafa. Ta bushe ƙayau kamar ƙafar tsohuwar kaza. Duktura ta juya ta, ta ce tana da kyau, amma ƙishirwa take ji. Ta ce ya sayi man lauz, wato man 'ya'yan almond, a kemis, ya ɗiga kaɗan a ƙyalle ya goga mata a ciki, kaɗan fa, kuma kada ya kusanci wurin baki. Ukasha ya ce tamam, ya ji, amma na ga idonsa, na san maganar ta bi ta bayan kunne.

Da farko a falo yake gwaji. Umm Husam, matar da ke ƙasanmu, ta hau sau biyu tana cewa mu sauke buta daga wuta, ta tafasa tun ɗazu. Karo na uku ta zo da tsintsiya. Muka yi shawara, mu 'yan gidan, muka kora shi saman bene.

A saman benen nan akwai Isam, mai kiwon tattabaru, da hasumiyarsa ta katako. Kullum da yamma yakan sake su su yi shawagi, yana kaɗa tuta yana fito, su kuma suna bin umarninsa. A unguwar kowa da nasa garken, kuma tattabarar da ta ɓata ta sauka a hasumiyar wani ta zama tasa, sai dai a yi ta yi wa mai ita dariya a gidan shayi. To Ukasha ya tsaya a tsakiyar rufi, ya cika kumatu, ya saki wani siririn sauti da ni kaina a hawa na biyar sai da haƙorana suka amsa. Garken Isam ya tarwatse a sama kamar an jefa dutse a kasuwa. Biyu daga cikin waɗanda ya fi ji da su suka sauka kai tsaye a hasumiyar babban abokin hamayyarsa.

"Ya sheikh, me na yi maka?" Isam ya yi ihu. "Wane ne ya aiko ka?"

"Kiɗan Barok ne," in ji Ukasha. "Tsuntsayenka ne ba su waye ba."

Da sandar tutar aka rako shi har ƙofarmu. Ya shigo yana haki, ya ce wannan hujja ce cewa sautinsa na da tasiri ko a kan dabbobi.

Duk wannan na jure. Abin da ban jure ba shi ne na gaba. Innata a Gusau ta aiko mini da man shanu ta hannun wani ɗalibi da ya dawo hutu, cikin kwalba, soyayye da albasa yadda take yi, wanda in ka buɗe murfin sai ka ji kamar kana tsakar gidanku. A ƙurya nake ɓoye shi. Rabin cokali nake sa wa shinkafa, shi ma sai ranar da kewar gida ta dame ni. Wata rana na dawo daga darasi na tarar da ƙamshinsa tun daga matattakala. Na shiga kicin, ga Ukasha ya narka man nan kaf a tukunya, ga sarewa gaɓa uku kwance a ciki tana wanka.

"Inna lillahi! Ukasha, man Innata?"

"Kwantar da hankalinka, Abakar. Tarihi ake yi."

"Ba man lauz aka ce maka ba?"

"Man lauz na kemis, a robar zamani? Ka taɓa jin akwai kemis shekara ɗari uku baya? Turawan nan makiyaya ne kamar kowa. Sandar kakana me take sha take ƙyalli, ta shekara arba'in ba ta tsage ba? Man shanu. To katako katako ne, ko na Funtuwa ko na Jamus."

"An ce kaɗan a ƙyalle!"

"Mai ƙishirwa ba a ba shi ruwa a cokali."

Na zauna a ƙasa na dafe kai. Wallahi na ji zafi har cikin raina, kuma da ba don son da nake yi wa zaman lafiya ba, da a ranar an yi jana'izar sarewa da mai ita.

Kwana ta yi a tukunya. Ta fito tana sheƙi kamar goshin amarya, na yarda. Kafin azahar kiyashi suka yi mata layi tun daga taga. Kafin la'asar maguna uku na zaune a ƙofarmu suna kuka kamar masu zaman makoki, har bawwab, mai gadin gidan, ya hau yana tambaya ko mun buɗe gidan abinci ba da saninsa ba. Kuma da zafi ya taso sai sarewar ta fara tsiyaya ta kowace ƙofa. Ukasha ya jefa ta a firji, man ya daskare, tsiyaya ta tsaya. Ya dube ni ya ce, "Ka gani? Ilimi." Daga ranar a firji take kwana kusa da tumatir, gwaji kuma da ta roba yake zuwa. Duktura ta tambaya, ya ce ta katakon tana hutawa, tana tara murya.

Abin mamaki, gwajin yana yi. Wannan ban hana shi ba. Safe da yamma yana maƙale a banɗaki, ya toshe ƙasan ƙofa da tawul, yana maimaita waƙar nan har ni ma na haddace ta ba da son raina ba. Da ya tsaya a nan, da an rabu lafiya. Amma asali bai bar shi ba.

Ya ga hoton mawaƙan zamanin a waya, da dogayen riguna da farin gashin ƙarya mai nannaɗe. Sai ya tafi Faisal wurin wanda yake so ya zama surukinsa, ya nuna masa hoton.

Ammu Hatim ya daɗe yana kallo. "Wannan mace ce ko namiji?"

"Babban malami ne, Baba."

"Allah Ya ji ƙansa in musulmi ne. Kai kuma haka za ka fito gaban jama'a?"

"Haka asalin yake."

"Ma'alish, ba komai," in ji tsohon, ya jawo wani ragowar yadin labule mai furanni. "Ni dai zan ɗinka, kuma da hannu biyu zan ɗinka ta. Zan zo in ga naka aikin ko hannu nawa ne."

Gashin ƙaryar kuwa shi ya haɗa da kansa, da audugar da ya roƙo wurin mai gyaran katifa, ya ɗinke ta a jikin tsohuwar hular sanyi. Da ya karanta cewa Turawan da gari suke barbaɗa wa nasu don ya yi fari, sai ya juye masa fulawar da muke yin fanke da ita.

Ranar wasa ta zo, tsakiyar bazara, ana zafin da ko ƙadangare ba ya fita. Ukasha ya sa sarewa a kular ƙanƙara, ya shiga rigar labule, ya ɗora auduga a ka. Ya so mu nemi keken jaki don mutanen Barok ba su hau mota ba, na ce to ya same ni a can. Muka shiga mikrobas, ƙaramar bas ta haya. Duk ramin da direba ya faɗa sai fulawa ta tashi, wani dattijo a bayanmu ya yi ta atishawa yana salati, yara kuma suka biyo mu har bakin tashar jirgin metro suna tafi.

Ɗakin taron a ƙasan bene yake, tagoginsa na kallon lungun masu kifi. Mun riga kowa zuwa, kuma a nan Ukasha ya yi aikinsa na ƙarshe. Ya shawo kan mai kula da ɗakin da Larabcinsa na littafi, aka kashe fankoki da fitilu, aka saki labule, aka jera kyandirori a ko'ina. Kafin Duktura Dalia ta fito daga cunkoson hanya, ɗaki ya cika: 'yan Sudan na Faisal, ɗalibai 'yan uwanmu da suka zo musamman don dariya, da wasu 'yan Misra masu son kiɗan da gaske. Ammu Hatim na layin gaba da farar jallabiya da rawani, da kofin zoɓo a hannu.

Duktura ta tsaya a ƙofa tana fifita da takardar kiɗa. "Wa ya kashe fanka?"

"Asali, ya Duktura," in ji Ukasha, ya rusuna, fulawa ta zubo.

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi jama'a, ta ga ba lokacin faɗa. Sai ta ga ya ciro sarewa daga ƙanƙara. "Sanyi? Ya Rabbi! Sarewa mai sanyi toshewa take yi. Sa kan a hammatarka ya ɗumama, yalla, da sauri!"

Na so in yi magana. Ukasha ma na ga ya so. Amma girman kai ya hana shi, ya cusa ta a hammata cikin rigar labule, ya tsaya yana murmushi kamar mai jiran hoto. Tagwa ta ɗan shinshina iska ta dube ni. Na kau da kai.

Aka fara. Kuma ku ji gaskiya, farkon ya yi daɗi. Gogen Tagwa ya shimfiɗa hanya a hankali, na Duktura ya bi, sarewa ta shigo da wata murya mai laushi da ban taɓa zaton za ta fito daga bakin Ukasha ba. Ɗaki ya yi tsit. Na ga Ammu Hatim ya ajiye kofi a gwiwa ya karkata kai. Na ce a raina, shi ke nan, ɗan banzan nan zai ci nasara da man Innata.

Sai ƙamshi ya tashi. Ya fara daga layin gaba ya bi ɗaki, ƙamshin man shanu da soyayyar albasa, tsantsa. Wata tsohuwa 'yar Sudan ta ce da ƙarfi, "Ashe da walima? Ba a faɗa mana ba." Cikin wani ɗalibi ya yi ƙugi har sai da na kusa da shi suka juya. Zafin kyandir da numfashin mutane ya sa wani ya kasa haƙuri ya buɗe taga. Magen farko ta leƙo, ta ɗaga hanci, ta diro. Ta biyu ta biyo ta. Kafin a kai tsakiyar waƙa, magunan lungun kifi sun yi sahu a gaban Ukasha, sun zauna sun ɗaga kai, sun fi kowa a ɗakin natsuwa.

Man ya fara bin yatsunsa, ya gangara gwiwar hannu, yana ɗiga a ƙasa, maguna na lasa. Gumi kuma ya sauko daga ƙarƙashin auduga ya haɗu da fulawa, kwaɓi ya fara zarya a goshinsa. Yatsu na zamewa daga ƙofofi, sauti ya fara fita kamar kukan ɗan akuya. Ana haka sai ƙafar sarewar, wadda maiƙo ya sassauta, ta sulluɓe ta faɗi ta gangara. Wata jar mage ta cafke ta ta haura taga da ita.

Dariya ta fara daga baya, wurin 'yan uwanmu. Ukasha ya zaro ido amma bai tsaya ba. Aka shiga wurin da waƙar ke sauri, ya matse cikin sarewar da ƙarfi don kada ya kuɓuce, shi kuwa abu mai maiƙo in ka matse shi ka sallame shi. Cikin ya yi tsalle ya tashi sama, ya sauka a cinyar wata mata mai gilashi a layi na biyu, maguna huɗu suka bi shi can. Matar ta yi ƙara ta hau kujera. Ɗaki ya kece. Tsohuwar nan ta walima tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Duktura Dalia ta sauke gogenta ta rufe fuska da hannu.

Ukasha ya tsaya, daga shi sai kan sarewa a baki, guntu kamar usur ɗin alƙalin wasa. Ƙofar fita na nan kusa da shi a buɗe, na ga ya dube ta. Na san kallon nan, shi ya yi wa zomaye, shi ya yi wa Turkanci. Na ji a jikina yanzu zai ce ya gane sirrin abin. Sai ya dubi layin gaba, ya ga Ammu Hatim ya sunkuya yana laluben takalmansa zai tashi.

Tagwa ba ta daina ba. Kanta a sunkuye, kafaɗunta na rawa don dariya, amma gogen na tafiya, tana jan layinta kamar ba abin da ya faru. Ukasha ya ja numfashi, ya toshe ƙarshen guntun da tafin hannu, ya busa. In ya buɗe hannu sauti ya hau, in ya rufe ya sauka, iyakar abin da ya rage masa ke nan. Da shi ya bi Tagwa, fiit, fuut, fiit, yana lalube kamar makaho a kasuwa, kwaɓi na shiga masa ido, mage ɗaya na hawan rigar labule. Duktura ta leƙo ta tsakanin yatsu, ta girgiza kai, ta ɗauki gogenta ta shigo ita ma.

Garin kauce wa magen da ke kafaɗarsa ya karkata kai, audugar ta taɓa kyandir. Hayaƙi ya fara tashi, aka yi ta ihu, "Wuta! Wuta!" Shi bai ma sani ba, ko ya sani ya ƙi kulawa. Ammu Hatim ya miƙe da takalmi ɗaya a ƙafa, ya juye masa kofin zoɓo a ka. Wuta ta mutu, jan ruwa ya bi farin kwaɓi ya sauko har wuya, Ukasha na busa. Haka suka tafi su uku har gogen Tagwa ya ja dogon sauti na ƙarshe, shi ma ya ja nasa har numfashinsa ya ƙare.

Aka yi tafi, rabi na dariya rabi na tausayi, har da masu fito. Ammu Hatim bai tafa ba. Yana tsaye da kofi wayam, ya juya ga Duktura.

"Ya Duktura, don Allah, nan ne ƙarshen waƙar, ko akwai saura?"

"Nan ne, ya Hajj," in ji ta, tana share ido. "Alhamdu lillahi, nan ne."

"Bai tsallake komai ba?"

"Bai samu ko ɗaya daidai ba tun daga tsakiya. Amma bai tsallake ba."

Tsohon ya juyo ya ƙare wa Ukasha kallo, auduga ƙonanniya, fuska ja da fari, maiƙo har gwiwar hannu, mage na lasar takalminsa.

"Ya waladi, na yi shekara sittin da wani abu a duniya, na ji kukan jaki, na ji birkin jirgin ƙasa, ban taɓa jin abu mai muni kamar wannan ba." Ya ajiye kofin. "Amma rigar hannu biyu gare ta. Ka turo manyanka."

Tagwa ta ɓoye fuska a bayan gogenta. Ɗalibai suka ɗauki kabbara.

"Da sharaɗi," in ji Ammu Hatim, ya ɗaga yatsa. "Abin nan ba zai shiga gidan 'yata ba."

"Baba, ai maguna sun riga sun raba gadonsa," in ji Tagwa daga bayan goge.

Duk muka juya ga Ukasha, muna jiran jawabi, don mun san ba a taɓa ba shi fili irin wannan ya bari ba. Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya sake buɗewa, ba abin da ya fito. Sai hawaye guda biyu suka sauko suka yi hanya a cikin kwaɓin fulawa, ya durƙusa a gaban tsohon ya riƙe hannunsa da hannuwansa masu maiƙo, Ammu Hatim kuma bai janye ba. Tun da na san Ukasha ban taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba sai ranar, kuma a nan take na yafe masa man Innata, har zuciya.

Shirun ya raka mu har cikin metro. Muna zama wani bawan Allah ya dubi kansa ya tambaya ko hatsari aka yi. Ukasha ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Wasa muka yi na Barok, a kan asalinsa," in ji shi. "Ka san magunan Misra tun zamanin Fir'auna suke, sun san abin da. Suna jin na gaske, da kansu suka zo."